Kwandon Bangaskiya

Shafi na 19

Masu zagin Tela a ƙarƙashin shafin da ya wuce, na ga saƙonninku duka. Ku karanta wannan tukuna, in ya so ku yanke mata hukunci.

*

"Ɗora mata hannu."

Tela ta yi kamar ba da ita ake ba.

"Don girman Allah, Tela, ki ɗora mata hannu. Ke addu'arki tana hawa sama. Tawa a rufin ɗaki take tsayawa."

Mai Kitso ce, durƙushe a gefen gadon asibiti, ta riƙe bakin zanen Tela da hannu biyu. A kan gadon 'yarta ce mai shekara biyar, roba a hanci, ƙarin ruwa a hannu. Kwana biyu ke nan ba ta buɗe ido ba.

Farfaɗiya ce, irin ta Tsuntsuwa 'yar Tela. A layin karɓar magani na asibitin nan ma matan biyu suka saba, kowacce da katinta, kowacce da 'yarta a cinya.

"Laifina ne," in ji Mai Kitso. "Ranar da na jefa maganinta a kwandon bangaskiya hannuna yana rawa. Allah ya ga rawar nan. Ke da kika jefa naki ai ko ɗar ba ki yi ba, ina kallonki. Shi ya sa taki ta warke, wata takwas ko gezau. Tawa kuwa..."

"Ki daina faɗin haka."

"Gaskiya ce. Sau biyu ciwon yana dawo mata a wata gudan nan, na ce gwaji ne, na ƙara azumi. Na ce Tela ma ai ta jure. Na ukun ne ya ƙi sakinta."

Tela ta ɗora hannun. Goshin yarinyar zafi rau. Ta buɗe baki, ko "Ya Uba" ta kasa fitarwa.

Mai Kitso kuwa idonta a rufe, tana ta amin amin a kan addu'ar da ba a yi ba.

A baranda nas ta tare ta, wata doguwa mai tabarau da ta san su duka biyun.

"Maman Tsuntsuwa."

"Na'am, Sista."

"Ba ƙawarki ba ce waccan?"

"Ita ce."

"Ke da ba ki taɓa fashin karɓar na 'yarki ba, ko ana tsuga ruwa sai kin zo, bakinki ciwo yake yi? Ba za ki gaya mata ba a yanke wannan maganin rana ɗaya ba?"

Tela ta sunkuyar da kai.

"Wai wata ce a majami'arsu ta ba da shaida, ta ce ta zubar da magani 'yarta ta warke. Da zan ga matar nan da idona..."

Nas ta yi ƙwafa, ta tura teburin allurarta ta wuce.

*

Lahadi ta farko a kowane wata, bayan addu'ar warkarwa, akan fito da kwandon a gaban bagade, inda Fasto ke tsayawa. Wanda ya gaskata ya warke sai ya jefa maganinsa a ciki, jama'a na tafi. Mama, uwar mijin Tela, shugabar matan addu'a, ita ke riƙe kwandon. Ita ce kuma ke kai shi bayan majami'a ta ƙona.

Wata takwas da suka wuce Tela ta tsaya a layin nan, miji a dama, suruka a gaba, ta jefa kwalbar Tsuntsuwa.

Kwalbar roba ce, fara, ba a ganin cikinta. Maɓallai ne a ciki. Ƙananan farare na rigar makaranta, don in an girgiza su yi ƙara kamar ƙwayoyi. Ƙwayoyin na gaske ta juye su a leda, ta tura ƙarƙashin gwangwanin maɓallai a durowar keken ɗinkinta. Safe da yamma take murƙushe ɗaya da bayan cokali ta kaɗa a shayin yarinya.

Ba ta yi niyyar ba da wata shaida ba. Fasto ne ya kira ta gaba a wata na uku. Abin da ta ce kawai shi ne, "Tsuntsuwa ba ta sake faɗuwa ba." Gaskiya ta faɗa. Sauran kuwa jama'a suka ƙarasa mata da guɗa, ita kuma ta yi shiru ta bar su.

Yau ma Lahadi ta farko ce. Yau ma sunanta yana cikin tsarin sujada.

Direba, mijinta, ya baro babbar motarsa a hanya ya dawo musamman. Tun da sassafe ya sa sabuwar riga ya leƙo ɗakin ɗinki.

"Uwargida mai shaida! Na gayyato abokaina uku. Ɗayan ma hawan jini gare shi, ya ce in ya ji daga bakinki yau zai jefa nasa."

"Baban Tsuntsuwa..."

"Kada ki makara. Na tafi jera benci."

Ya fice yana fito.

Tela ta tura ƙofa, ta jawo durowa, ta ɗaga maɓallai, ta zaro leda. Sai a lokacin ta tuna. Jiya ta daɗe a asibiti, ta dawo yarinya ta yi barci. Ba ta ba ta na yamma ba.

Ta baje ƙwayoyin a tafin hannu tana ƙirgawa.

Ya kamata su zama tara.

Takwas ne.

Ta sake ƙirgawa. Takwas.

"Bar wahalar da kanki. Ni na ba ta na jiya."

Mama ce a bakin ƙofa, cikin farin kayan matan addu'a, ɗankwali a ɗaure tsaf.

Tela ta dunƙule hannu ta kai shi baya, kamar yarinyar da aka kama da sukari.

"Mama, ba abin da kike..."

"Da bayan cokali, a shayi, sukari biyu don ɗacin. Ko na yi kuskure?"

Tela ta fito da hannun daga baya.

Mama ta shigo ta mayar da ƙofa. Ta ture tarin yadi ta zauna a kan benci.

"Ba ta na safen tukuna. Lokaci yana wucewa."

Tela ta haɗa shayin, ta kai wa Tsuntsuwa a falo inda take fama da takalminta, ta tsaya a kanta har ta shanye. Ta dawo ta jingina da ƙofa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Ni ce mai ƙonawa, 'yar nan. Kin zaci da murfi nake jefa su a wuta? Sai na buɗe na juye. Na buɗe taki, sai ga maɓallai a hannuna. Masu tsadar ma kika zuba."

"Wata takwas."

"Wata takwas."

"Kina kallona ina hawa gaba. Kina guɗa. Ke ce ma kike fara guɗar!"

"Ni ce."

"Kina kallona ina rufe ƙofa kamar ɓarauniya a gidan mijina. Kina kallona ina kasa karɓar gurasar jibin Ubangiji a majami'a, ina cewa cikina ne. Ba ki ce mini komai ba!"

"Me kike so in ce?"

"Ki ce kin sani! Ki tsine mini ma, da ya fi mini sauƙi! Ke ce fa kika tasa ni a gaba. Ke kika ce uwar da ta riƙe magani ta ce wa Yesu maƙaryaci ke nan. A wannan ɗakin kika faɗa, a kan wannan bencin!"

Mama ba ta ɗago ba. Wani guntun zare ta tsinta a ƙasa tana naɗe shi a yatsa.

"Mijinki ya taɓa gaya miki yana da ƙanwa?"

"Auta. Wadda zazzaɓi ya kashe."

"Haka na gaya masa. Shekararsa tara a lokacin."

Tela ta saki ƙofar.

"Irin ciwon Tsuntsuwa ne," in ji Mama. "Har yadda idon ke juyawa. Ranar da jikata ta fara faɗuwa a tsakar gidan nan, ba ita na gani ba."

"Mama..."

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Lokacin babu kwando. Wani mai wa'azi ne ya zo wucewa, ya ɗora mata hannu, ya ce an gama. Na zubar da maganin a kwata da hannuna. Kwana goma sha shida. Na tafi koyon waƙa na bar ta tana wasa kusa da bahon wanki."

Zaren ya tsinke a yatsanta.

"Ruwan bai kai gwiwata ba. Ko rabin bahon bai kai ba."

Daga falo ana jin Tsuntsuwa tana yi wa takalminta faɗa.

"A bakin kabari na buɗe baki zan ce don me. Wata dattijuwa ta matse mini hannu ta ce, kul, mai bin Yesu ba ya tambayar Allah. Sai na haɗiye. Na ɗaga waƙa. Ni na ja waƙar jana'izar 'yata, muryata ko rawa ba ta yi ba. Kowa ya ce ba a taɓa ganin bangaskiya irin wannan ba. Shekara ba ta zagayo ba suka ba ni shugabancin matan addu'a."

Ta yi wata dariya mara daɗi.

"A kan gawar Auta aka kafa mini kujerar nan. Shekara talatin ina zaune."

Hawaye ya cika idon Tela, amma zuciyarta ba ta sauka ba.

"Kin san haka, kika tura ni in jefa na Tsuntsuwa?"

"E."

"Don me?"

"Don in na ce miki kada ki jefa, na yarda ke nan ni na kashe tawa."

Tela ta so ta rungume tsohuwar, ta kuma so ta shaƙe ta.

Mama ta miƙe. "Biyo ni."

A ɗakinta ta durƙusa da ƙyar, ta jawo tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga murfi.

Kwalabe ne cike. Da fakiti-fakiti, da na shaƙa na masu asma, har da allurar masu ciwon sukari. Kowanne an liƙa masa 'yar takarda da sunan mai shi, da rubutun Mama.

"Daga ranar maɓallanki ban sake ƙona na kowa ba. Tsummoki nake ƙonawa da busasshen ganye, don a ga hayaƙi."

Idon Tela ya sauka a kan wata kwalba a sama-sama. Irin ta Tsuntsuwa ce sak. Ta ɗauka ta karanta takardar.

'Yar Mai Kitso.

Ta girgiza. Cike take.

"Yana nan?" in ji Tela. "Wata guda yana ƙarƙashin gadonki?"

"Sau uku ina sa shi a jaka. Har ƙofar shagonta na je. Ta fito da murna tana cewa Mama ta zo sa mana albarka. Na sa albarkar na dawo da shi."

"Yarinya tana can da roba a hanci!"

"Na sani."

"Kina kwana a kansa! Kina barci a kansa!"

"Wa ya ce miki ina barci?" Mama ta ɗago a karo na farko, idonta jawur. "Ke kuma fa? Ni na ɓoye kwalba. Wa ya ba ta ƙarfin jefawa? Bakin wa ta ji?"

Maganar ta daki Tela a ƙirji. Ta zame ta zauna a ƙasa, kwalbar a hannunta.

Akwatin yana buɗe a tsakaninsu.

"Ni ba ni da bangaskiya, Mama," in ji Tela a hankali. "Tun ranar da likita ya faɗi sunan ciwon nan ban sake yin addu'a irin ta mutane ba. Faɗa nake yi da Allah. Ina murƙushe ƙwaya ina ce masa, me ta yi maka? Shekararta huɗu. In ni ce, ga ni, ka taɓa ni. In kana warkarwa, me ya hana ka? In ba ka so, ka faɗa mini in sani. Kullum. Safe da yamma."

"Ina jin ki."

"Kina ji na?"

"Bangon nan kwali ne. Har ranar da kika ce masa ba ya jin kunya."

Tela ta rufe fuska.

"Da farko na toshe kunne," in ji Mama. "Na ce yau rufi zai faɗo a kan yarinyar nan. Bai faɗo ba. Washegari kika sake. Rana ta uku kika sake. Sai na lura da wani abu. Ba ki taɓa fashi ba. Ni da nake ja wa mata arba'in addu'a, shekara talatin ban ce masa kalma ɗaya daga cikina ba. Ihu nake yi a gabansa don kada a yi shiru in ji kaina. Ke kuwa kina magana da shi kamar yana zaune a kan bencin ɗinkinki."

"Zaginsa nake yi."

"Kin taɓa tsayawa zagin ɗakin da ba kowa?"

Tela ta ɗago.

"Na fara kwaikwayonki," Mama ta ci gaba, murya ƙasa-ƙasa kamar mai faɗin abin kunya. "Tsofai-tsofai da ni. Na rufe ƙofa na ce masa, ina kake ranar bahon? Na jira tsawa. Ba ta zo ba. Amsa ma ba ta zo ba, har yau. Amma ban ji ya tashi ya bar ɗakin ba. Ranar na yi kukan Auta. Ranar kawai."

Ta goge ido da gefen ɗankwali, ta rufe akwatin, ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa. Da ta juyo, fuskar shugabar matan addu'a ce ta dawo.

"To. Kin ji nawa, na san naki. Yanzu tashi ki wanke fuska. Za ki hau ki faɗi abin da kika saba faɗa. Daga gobe mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu mayar musu a asirce."

"Kamar yadda kika mayar wa Mai Kitso?"

"Kada ki yi mini rashin kunya."

"Mutum nawa suka ba da suna za su jefa magani yau?"

Mama ta kau da kai.

"Mama, nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Yara nawa a ciki?"

"Huɗu."

Tela ta miƙe.

"Ina kwalbata?"

"Me za ki yi da ita?"

"Tawa ce. Maɓallaina ne."

"Ki saurare ni, 'yar nan. Mijinki ya gaya wa duk tashar motarsu Allah ya ziyarci gidansa. Kin san zuciyarsa. In kika kunyata shi a gaban jama'a, ban ce za ki kwana a gidan nan ba. Kuma ba zai bar miki Tsuntsuwa ba."

Tela ta san gaskiya ce.

"Ni kuma," in ji Mama, "in aka tambaye ni, zan ce ban san komai ba. Ba zan iya tsayawa a gaban ɗana in ce masa ba zazzaɓi ba ne. Ba zan iya ba. Ki sani tun yanzu, ke kaɗai ce."

Tela ta durƙusa, ta jawo akwatin da kanta, ta tona har ƙasa. Ta sami kwalbar a kusurwa, an naɗe ta a hankici. Ta jefa ta a jaka tare da ta 'yar Mai Kitso.

"Tsuntsuwa! Zo in gyara miki takalmin, a juye kika sa."

*

Majami'a ta cika har baranda. Direba yana benci na biyu da abokansa uku, yana ta nuna musu matarsa da haɓa.

Tela ba ta ji waƙa ba, ba ta ji wa'azi ba. Tsuntsuwa ta yi barci a cinyarta, baki a buɗe. Ta sunkuya kamar mai gyara mata riga.

"Har yanzu ina jin haushinka," ta ce wa Allah, bakinta a cikin gashin yarinyar. "Ban san me ya sa ka bar Auta ba. Ban san me za ka yi da 'yar Mai Kitso ba. In suka karɓe mini wannan, ban san yadda zan yi da kai ba. Amma ba ni da wani wurin zuwa. Ka riƙe mini gwiwa kawai. Sauran za mu yi maganarsa da yamma."

"'Yar'uwarmu Tela!"

Aka ɗau tafi.

Ta kwantar da yarinyar a kan benci, ta ɗauki jaka ta fita. Mutum goma sha ɗaya sun riga sun yi layi, kowa da abinsa a hannu. Abokin Direba mai hawan jini ya tashi ya zama na sha biyu. Ta farko a layin wata yarinyar mace ce mai goyo, ta riƙe kwalbar maganin ruwa a ƙirji. A gabanta Mama ce tsaye da kwando, idonta a kan bango.

Fasto ya miƙa wa Tela makirufo yana murmushi. Mutumin kirki ne, ta sani. Shi ya yi wa Tsuntsuwa addu'ar suna.

"A yabi Ubangiji," ta ce.

"Halleluya!"

"Wata takwas 'yata ba ta faɗi ba."

Guɗa ta tashi. Ta jira har ta lafa.

"Wannan ita ce kwalbar da na jefa a kwandon nan."

Ta ɗaga ta. Ta murɗe murfin. Ta juye.

Maɓallai suka zubo a kan siminti, suka tarwatse, wasu suka gangara ƙarƙashin benci. Ɗaya ya yi ta juyawa a gaban takalmin Fasto kafin ya kwanta.

Tela ta mayar da makirufo bakinta.

"Ban taɓa fasa ba ta magani ba. Ko sau ɗaya. Yau da safe ma ta sha. Na ji tsoronku na yi muku ƙarya da shiruna, wata ta gaskata ni, 'yarta tana asibiti ba ta san inda take ba."

"Tela!" Direba ya miƙe tsaye.

Ba ta kalle shi ba. Ta san in ta kalle shi ta gama.

"Na zaci ni ce mara bangaskiya a cikinku, don ina tambayar Allah don me. Wata takwas ina tambaya. Bai kore ni ba. Yesu kansa da yake rataye a gicciye ai tambaya ya yi, da babbar murya, kowa yana ji. Ban san me ya sa yake warkar da wani ya bar wani ba. Abin da na sani, duk safiyar da na murƙushe ƙwayar nan ina kuka, ba ni kaɗai ba ce a ɗakin. Shaidata ke nan. Ba ni da wata."

Ta juya wajen mai goyon.

"Ƙanwata, mayar da shi jaka. Ki yi addu'a, ki ba shi maganinsa. In Allah ya warkar da shi, likita zai gani ya faɗa miki. Ba kwando ba."

Hayaniya ta ɓarke. Wani yana cewa a karɓe makirufo, wata tana cewa Shaiɗan ne. Mai goyon ta tsaya cak, hannunta a saman kwandon, tana kallon Tela tana kallon Fasto.

Fasto ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Mama," ya ce. "Ke ce mai ƙonawa. In da maɓallai ne, da kin gani. Ki gaya wa ikilisiya. Wannan kwalbar ta taɓa shiga kwandon nan?"

Kowa ya juya.

"Mama, ki faɗa musu ƙarya take yi!" in ji Direba. "Ki faɗa musu!"

Mama ta kalli ɗanta. Ta kalli maɓallan da ke ƙasa. Leɓenta yana motsi ba sauti, kuma Tela ta gane motsin. Ba irin addu'ar da take ja wa mata ba ce. Irin ta bayan ƙofa ce.

Yatsun mai goyon suka fara sakin kwalbar.

Mama ta janye kwandon.

Kwalbar ta faɗi ƙasa ta gangara, ba ta fashe ba.

"A aika gida," in ji Mama. Muryar da ta ja waƙar jana'iza ba rawa, yau rawa take yi. "Akwai akwati a ƙarƙashin gadona. Kai kuma zauna, ɗana. Akwai maganar ƙanwarka da zan..."

Ƙofar baya ta bugu da bango.

Mai Kitso ce. Kayan jiya ne a jikinta, ba ɗankwali, takalmi ƙafa ɗaya. Jama'a suka dare mata hanya ba wanda ya ce su dare.

Ba ta kalli Fasto ba. Ba ta kalli kwandon ba. Tana taka maɓallan tana tahowa, idonta a kan Tela.

Zanen da ta goya 'yarta da shi zuwa asibiti yana hannunta, ba goyo a bayanta.

A ninke.